Fulogi na Biyar a Motar Mu'awiya

Duk wanda ya daɗe a Mubi yana da mota, ko da akwala ce, ya san garejin Ezekiya. Ba wani babban wuri ba ne. Rumfar kwano ce a gindin tsamiya, da rami ɗaya na shiga ƙarƙashin mota, da akwatin ƙarfe da yake zuba kayan aiki. Shi kaɗai yake aikinsa, don ya ce surutu na hana shi jin abin da ƙarfe ke gaya masa.

Ɗan manoma ne daga ƙauyukan kan dutse na kudancin Mubi. Ya sauko gari da ƙuruciya, ya koyi kanikanci a wajen wani Ibo mai gyaran Fijo, ya auri Margret a cocin unguwarsu, suka haifi 'ya'ya huɗu. A shekarar da 'yan ta'adda suka shigo gari aka gudu, ƙarshen daminar 2014, ya bar mota a buɗe a kan rami ya kwashi iyalinsa suka bi duwatsu da ƙafa, kwana uku kafin su tsallaka Kamaru. Da ya dawo ya tarar an share garejin tas, sai ramin. Da sifana huɗu ya sake farawa. Tun daga lokacin ba ya son ƙara ta ba-zata. In salansar babur ta yi tari a bayansa, sai ya tsinci kansa a durƙushe kafin ya gane me ya faru. Ba ya jin kunyar wannan, don rabin garin haka suke.

Abin da aka san shi da shi hannu ne. Zai ɗora sifana a kan noti ya ja a hankali, ya tsaya cak, ya ce, "Ya isa." Shekara talatin da huɗu ba a taɓa dawo masa da mota an ce noti ya kwance ko ya tsinke ba.

To, hannun nan ne ya fara cin amanarsa. Da farko kamar tururuwa na yawo a tafinsa. Daga baya yatsun suka koma kamar ya sa safar hannu mai kauri. Ƙaramin noti zai zame ya faɗi ƙasa bai sani ba, sai ya ji ƙararsa a kan siminti. Ga ƙishirwa da ba ta ƙarewa. Margret ta lura da yawan shan ruwan, ta ce ya je asibiti, ya ce zafin gari ne. Maganar yatsu kuwa bai yi wa kowa ba. Tsoro yake ji likita ya faɗi abin da shi kansa yake zargi, a ji a gari cewa Ezekiya ba shi da hannu.

Ana cikin haka, wata Alhamis a farkon kaka, Mu'awiya ya shigo garejin da a-kori-kurarsa da wani ƙaton kwali a baya. Mu'awiya mutumin Wuro Patuji ne, ɗan kimanin shekara arba'in, yana sayen masara da wake a ƙauyuka ya kai kasuwanni. Ezekiya ne ya riƙa gyara motar mahaifinsa har tsohon ya rasu, shi ya sa yake ce masa Bappa. Motar mai shan fetur ce, silinda shida, lafiyarta lau, amma in an labta mata buhuna ta zo hawa sai ta yi ta nishi.

"Bappa, ga maganin nishin nan na samo," in ji shi, yana yage kwalin. "Ƙanina ya aiko daga Legas. Sufacaja sunansa. Iska yake ɗura wa inji da ƙarfin tsiya, sai motar ta koma kamar an ƙara mata wani injin."

Ezekiya ya taɓa ganin irinsa sau ɗaya, bai taɓa ɗaurawa ba. Amma ya juya shi, ya dubi bel ɗin, ya dubi hotunan da ke cikin takardar, ya ga ba abin da ya fi ƙarfinsa. Yini biyu ya yi a kai. Ran Juma'a da rana ya gama, ya tayar da motar, ta ɗauka da wani siririn fito kamar na shaho. Suka zaga gari suka dawo, Mu'awiya sai dariya yake yana dukan sitiyari.

Sai da suka dawo ne Mu'awiya ya zazzage kwalin, wata 'yar leda ta faɗo da sababbin fulogi shida.

"Af! Ashe har da waɗannan." Ya buɗe takardar yana karantawa yana fassarawa. "Sun ce dole a canza. Wai yanzu wuta da matsi sun ƙaru a cikin injin, tsofaffin ba za su jure ba. Sun ce a bari inji ya huce sarai kafin a ɗaura. Kuma a ɗaure da sifana mai awo, a tsaya a kan ashirin da biyar. In bai kai ba fulogin zai yi zafi ya ƙone fistin, in ya wuce zaren ramin da ake murza shi a ciki zai cinye. Bappa, kana da sifanar?"

"Ga ta nan," in ji Ezekiya, ya ɗaga hannunsa na dama. Suka yi dariya su biyu.

Ya san ya kamata a jira. Kan injin na alminiyam ne, ƙarfe mai laushi, in ya yi zafi ya ƙara laushi. Amma Mu'awiya na ta duban agogo, yana so ya yi lodi kafin magariba don gobe da sassafe zai tafi Uba. Ezekiya ya ɗauki sifanar fulogi ya fara. Huɗu suka shiga ba matsala. Na biyar yana can baya, a lungun da ido ba ya kaiwa, sai dai a laluba. Ya zura shi, ya murza, ya ja. Yana jiran wannan tsayawar da hannunsa ya saba ji, bai ji ba. Ya ƙara ja. Shiru. Ya sa kafaɗa ya ƙara kaɗan.

Sai sifanar ta yi laushi, ta tafi da kanta kamar tsawon ɗan yatsa.

Duk makanike ya san wannan laushin. Zufa ta karyo masa daga ƙeya har gadon baya. Ya tsaya a sunkuye a cikin bonet. Zaren ya fara cinyewa. Bai tafi duka ba, don fulogin na zaune, amma abin da ya rage ba shi da yawa, ga kuma sufacaja a kai.

"Lafiya, Bappa?"

Maganar na bakinsa. Abin da zai ce bai fi kalma goma ba: na ɓata zare, bar motar nan sai Litinin. Amma Mu'awiya zai tambaya ya aka yi, kuma amsar ita ce abin da yake ɓoyewa tun bara.

"Lafiya lau. Bayana ne ya riƙe."

Ya ɗaura na shida, ya mayar da koyil-koyil ɗin da ke ba fulogi wuta, ya rufe bonet. Motar ta tashi sumul. Yana tsaye yana kallo har ta sha kwana.

Da yamma Margret ta ajiye masa tuwon masara da miyar yakuwa, ya yi loma biyu ya ture.

"Baban Hannah, me ya same ka?"

"Ba komai."

"Ba komai ne ya sa kake wanke hannu sau uku?"

Lissafi yake yi. Wataƙila fulogin ya riƙe wata guda, wataƙila shekara. Wataƙila kuma ya fita gobe a kan hawa, da kaya, mota ta mutu a tsakiyar titi, ko fetur ya taɓa wuta. Ya ɗauki waya ya nemo lambar Mu'awiya, ya dube ta, ya ajiye.

Gari na wayewa ya hau Keke Napep ya tafi Wuro Patuji da 'yar jakar kayan aiki. Ya tarar an gama ɗaure buhunan masara, motar ta zauna a kan tayoyinta na baya.

"Zan bi ka," in ji shi. "Sabon aiki ne, ina so in ji yadda take a hanya."

Mu'awiya ya ji daɗi ƙwarai. Yana cikin godiya sai ga wata tsohuwa ta fito daga gida da ƙwarya a naɗe cikin zane. Dada Hapsatu ce, mahaifiyar Mu'awiya, za ta duba ƙanwarta marar lafiya a Uba. Ezekiya bai yi zaton za a ɗauki kowa ba.

"Jam na, Ezekiya? Ina Margret?" ta gaishe shi da Fulatanci, tana shiga kujerar baya. "Ka gaishe ta. Ban manta ba. A kan dutse, lokacin gudu, ruwan gora ɗaya ya rage mata, ta ba ni rabi."

Ta miƙo masa goro. Ya karɓa da hannu biyu, ya kasa kai shi baki.

Suka fita gari. Mu'awiya na ta hira a kan yadda wake ya yi kyau bana, Ezekiya na cewa "haka ne" a inda ya dace da inda bai dace ba. Duk hankalinsa na ƙarƙashin bonet. Kowane rami suka faɗa sai ya ji kamar a cikinsa. Kowane lokaci fiton nan ya tashi, sai ya danna ƙafarsa a ƙasa kamar akwai burki a wajensa.

"Ka bi ta a hankali. Kada ka cika mata totur, ba ta saba ba."

"Haba Bappa, to me ya sa muka ɗaura?"

Bayan Mararraba ya fara jin wani abu, can ƙasa da ƙarar injin, tsit, tsit, tsit, kamar ana tsirtar da yawu. Iska ce ke tsiyaya ta gefen fulogin. Ya dubi Mu'awiya, bai ji ba. Ya yi niyya, da sun kai wuri mai inuwa zai ce a tsaya, ya faɗi komai. Ya ga wata bishiya a gaba, ya ce a can. Suka wuce ta. Ya ga wata.

Kafin Uba akwai wani ƙauye da kasuwarsa ke ci ran Asabar a bakin titi, a ƙarshen wani ɗan hawa. A ƙofar ƙauyen maharba 'yan sa-kai sun gitta gungume suna duba masu wucewa. Wata tifa na jan ciki a gabansu a kan hawan. Mu'awiya ya leƙa, ya ga hanya, ya ce, "Bari ka gani," ya take totur har ƙasa.

Motar ta zabura. Fiton ya haura, ya haura. Sun wuce tifar ke nan, gungumen na gabansu kamar taku hamsin, sai wani abu ya ce daram! ya daki bonet daga ciki. Nan take injin ya ɓarke da fat-fat-fat-fat, ba tsayawa, sak harbin da kowa a ƙasar nan ya sani.

Kasuwar ta watse. Ezekiya ya ga mata na jefar da tallansu, ya ga an bangaje rumfa, ya ga awaki da mutane sun cakuɗe sun nufi gonakin dawa. Wata murya na kururuwa, "Sun dawo! Sun dawo!" Maharban sun faɗa bayan gungume da cikin kwalbati, bakunan bindiga sun juyo kan motar. Mu'awiya ya taka burki, amma hannuwansa sun ƙage a kan sitiyari, idanunsa a zare, injin na ta harbi. A baya Dada na ta salati.

"Kashe!" Ezekiya ya daka masa tsawa. "Kashe ta!"

Kalmar na fita ya gane yadda za ta sauka a kunnen mutumin da ke kwance da bindiga, ga gilasai a buɗe. Ya kai hannu da kansa ya murɗe makullin. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar muni. Warin fetur ya cika motar.

Ba wanda ya motsa. Ezekiya ya san in aka ƙara ɗan lokaci a haka, wani zai gaji da jira. Ya buɗe ƙofa a hankali, ya fara fitar da hannuwansa, sannan ƙafafu. Ya durƙusa a tsakiyar kwalta.

"Makanike ne ni!" Muryarsa ta fito siririya kamar ba tasa ba. "Fulogi ne! Don Allah, fulogi ne ya fita! Akwai tsohuwa a ciki!"

Wani dattijo mai jar hula da layu a ƙirji ya miƙe daga bayan gungumen. Ɗahiru sunansa, shi ne babban maharban wurin. Ya tako a hankali, bindigarsa ƙirar gida na saitin ƙirjin Ezekiya, har ya zo inda suke jin numfashin juna.

"Wa za a kashe?"

"Mota. Motar nake nufi."

"Tashi ka buɗe. In ka sa hannu a aljihu, shi ke nan."

Ya ɗaga bonet ɗin, wanda ya yi ƙulu a tsakiya. Koyil ya tarwatse, fulogin na kwance a kan injin yana hayaƙi. Ezekiya ya ɗauko shi ya ɗaga sama don kowa ya gani. Zaren ramin ya fito tare da shi, ya naɗe a jikinsa kamar farar waya. Ɗahiru ya duba, ya sauke bindigar, ya tofar da yawu, ya juya yana kiran mutane su fito.

Mu'awiya ya zagayo. "Kayan banza suka sayar mana, ko Bappa?"

Ga ƙofa a buɗe, da ya ce i, an wuce wurin. Amma daidai lokacin aka fito da wata mata daga cikin kasuwa, an tallabo ta tana ihu. Nafisatu ce mai ƙosai. Garin gudu aka ture kaskonta, tafasasshen mai ya kwarara mata daga gwiwa har tafin ƙafa.

"Ba kayan ba ne," in ji Ezekiya. "Ni ne. Jiya na ɗaure fulogin fiye da ƙima, na ji lokacin da zaren ya tafi. Hannuna ya daina ji tun bara. Na sani, na yi shiru."

Mu'awiya ya dube shi. Bai ɗaga murya ba.

"Ka sani. Kuma ka ga Dada ta shiga."

Ya juya ya je ya fito da mahaifiyarsa, ya zaunar da ita a inuwa.

Direban tifar ne ya kai Nafisatu asibiti a Uba, Ezekiya ya bi su yana riƙe da ƙafar a kan cinyarsa don kada ta taɓa ƙarfe. Bayan an wanke mata an naɗe, ma'aikaciyar jinyar ta juyo ta kama wuyan hannunsa.

"Baba, kai kuma wannan fa?"

Ya duba. Yatsu uku da tafin hannun sun tashi fari, sun yi ruwa, inda ya damƙi fulogin. Bai ji komai ba. Ta ɗebi ɗigon jini ta sa a wata 'yar na'ura, ta duba, ta sake dubawa, ta kira likita. Ciwon sukari ne, ya daɗe, ya fara cin jijiyoyin hannu da ƙafa. Likitan ya ce magani zai hana shi ci gaba, amma abin da ya tafi ba lalle ya dawo ba.

Motar kuwa, an ja ta zuwa wajen wani Yaji mai gyaran tarakta a Uba. Sai da ta kwana ta huce ya dasa wa ramin sabon zare, ya ɗauko sifanarsa mai awo ya saita ta a kan ashirin da biyar. Ezekiya na tsaye da hannu a naɗe. Ya roƙi Yaji ya gwada sauran biyar ɗin ma. Biyu sun wuce ƙima nesa, da ƙyar suka kwance. Ɗaya kuwa da yatsa ma za a iya juya shi. Ezekiya ya koma gefe ya zauna, yana lissafin motocin da suka fita daga garejinsa a cikin shekarar nan, da burki, da tayoyi.

Sati uku ya yi yana bin masu su ɗaya bayan ɗaya, da sabuwar sifana mai awo da babbar 'yarsa Hannah ta aiko daga Yola. Kowa sai ya gaya masa dalili. Wasu sun gode, wasu ba su sake zuwa ba. Mu'awiya yana gaishe shi in sun haɗu, amma motarsa a wajen Yaji take zuwa yanzu. Garejin na nan, aiki ya ragu, kuma ba ya taɓa ƙaramin noti sai da tabarau da fitila, ido na yi masa abin da yatsa ya bari.

Duk Asabar shi da Margret suna zuwa ƙauyen nan. Margret ce ta riƙe wa Nafisatu suyar ƙosai har ƙafar ta warke, shi kuma yana kai wake niƙa ya kawo itace. A Asabar ta biyar Ɗahiru ya zo ya zauna kusa da shi a kan benci, ya sayi ƙosai, ya ci biyu, ya ce, "Akwai maganar da ke damuna, gara in sauke."

"Ina ji."

"Ranar nan, da ka ce a kashe, na ja kunamar bindiga. Kai nake saiti, ta gilashin gaba. Ta ce ƙyas, ba ta tashi ba. Raɓa ta jiƙa albarushin." Ya goge mai a jikin wandonsa. "Shekara ashirin ina riƙe da ita, ba ta taɓa yi mini haka ba. Ka yafe ni."

Ezekiya ya dube shi. Ya ji bencin na juyawa da shi, ya dafa da gwiwar hannu. Da ƙyar ya ce, "Ba ka yi laifi ba, Malam Ɗahiru."

Margret ta hango shi daga bakin kasko.

"Baban Hannah, jikin ne? Ka sha maganinka kuwa?"

"Na sha," in ji shi. "Ki gama mu tafi da wuri. Akwai abin da Malam Ɗahiru ya faɗa mini, zan gaya miki a gida."